Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihun Da Ya Bi Sawun Jini

 

A wannan mako filin namu zai kawo tarihin wani malami ne wanda in ka duba littafin Tajuddin Assubki na tarihin malaman mazhabar Shafi'iyya za ka tarar da sunansa cikin masana fiƙihu, in kuwa ka buɗe littattafan tarihin likitanci, nan ma za ka same shi, a babin da ke bayanin yadda jini yake bi daga zuciya zuwa huhu. Shi ne Ala'uddin Abul Hasan Aliyu ɗan Abul Hazmi Alƙarshi, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. Mutumin nan ya tarar da wata magana da likitoci suka yi shekara dubu suna karɓa hannu da hannu, ya auna ta, ya ga ba ta tsaya ba, ya faɗa a fili. Abin da ya kafa a madadinta kuwa, sai da aka yi shekara fiye da 400 da rubuta shi kafin idon ɗan Adam ya gan shi ƙuru-ƙuru.

An haife shi a ƙasar Sham wajen shekara ta 607 bayan Hijira, watau 1210 ta Miladiyya, ya tashi a birnin Dimashƙa. Ya yi karatun lugga da nahawu da hadisi da manɗiƙi da fiƙihu, likitanci kuma ya koye shi a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Mahmudu ɗan Zanki ya gina a 1154. A wancan zamani bimaristan ake ce wa asibiti, kalmar Farisanci ce mai nufin gidan marasa lafiya. Tsarin karatu a nan shi ne, da safe babban likita ya zaga majinyata ɗalibai na biye da shi, yana taɓa bugun jijiya yana duba fitsari yana faɗar magani, in an gama a zauna a rumfa a buɗe littafi. Malaminsa shi ne Muhazzabuddin Addakhwar, shugaban likitocin Sham da Masar a zamaninsa, wanda ya yi waƙafin gidansa ya zama makarantar likitoci kafin rasuwarsa a 1230.

Wajen 1236 Ibnun Nafis ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, sa'ad da Sarki Alkamil na zuriyar Ayyuba yake mulki, kuma a can ya ƙare rayuwarsa. Shekaru hamsin da ɗoriya da ya yi a Masar shekaru ne na girgiza. A gabansa mulkin Ayyubawa ya faɗi, bayin sarki da ake kira Mamluk suka karɓa a 1250. A 1258 Tatar suka ci Bagadaza suka kashe halifa, bayan shekara biyu kuma rundunar Masar ta kore su a Ainu Jalut. Shi dai yana kan aikinsa, har ya zama shugaban likitocin Masar, ya kuma zama likitan Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. Duk da haka bai bar karantar da fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Masruriyya ba.

Masu tarihi irin su Assafadi da Al'umari sun ajiye mana kamanninsa da halinsa, yawanci daga bakin Abu Hayyan mutumin Andalus, mashahurin malamin nahawu da tafsiri, wanda ya karanci manɗiƙi a wurinsa. Dogo ne siriri, mai sakin fuska, ba ya rufe ƙofarsa ga mai neman fa'ida dare ko rana. In zai yi wallafa sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya dinga zubo rubutu daga ka ba tare da duba littafi ba, wanda ya dakushe ya yar ya ɗauki wani, don kada fiƙa ta ci masa lokaci. An ce wata rana yana tsakiyar wanka a gidan wanka na Babuz Zuhuma sai ya fito zuwa inda ake tuɓe tufafi, ya sa aka kawo masa tawada da alƙalami da takarda, ya rubuta maƙala guda a kan bugun jijiya har ya kammala, sa'an nan ya koma ya ƙarasa wankansa. An kuma ba da labarin daren da ya kwana yana muhawara da Alƙali Ibnu Wasil mutumin Hama tun bayan sallar Lisha har ketowar alfijir, shi yana magana a natse, alƙali kuwa murya na tashi, idanu sun yi ja, jijiyoyin wuya sun kumbura. Da gari ya waye alƙalin ya sallama masa.

Wajen ba da magani kuwa ba ya gaggawa. Muddin abinci zai wadatar ba ya rubuta magani, muddin magani guda zai wadatar ba ya rubuta haɗi. Har mai sayar da magungunan da yake zama a shagonsa ya taɓa yi masa ƙorafi, cewa in nama da tuwo zai riƙa rubuta wa mutane, to, ya koma rumfar mahauta da zama.

To, mu zo ga maganar jini. Alƙur'ani mai girma ya ambaci jijiyoyin jini biyu da sunansu, waridi a Suratu Ƙaf da watini a Suratul Haƙƙa, kuma Larabawa tun da can sun san jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai mai bugawa, wadda kake ji in ka ɗora yatsa a wuyan hannunka, ita ce shiryani. Akwai kuma wadda ba ta bugawa, irin koren layin da kake gani a bayan hannun tsoho, ita ce waridi. Amma yadda jini yake tafiya cikinsu, wannan ilmi daga Yunanawa likitocin Musulmi suka gaje shi, musamman daga Jalinus, wanda aka haifa a 129 Miladiyya, wanda kuma Hunainu ɗan Is'haƙa da almajiransa suka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9.

A koyarwar Jalinus, hanta ce ke mai da abinci jini, jinin ya bi waridai ya watsu cikin jiki gaɓoɓi su shanye. Wani kashi ya shiga ɗakin dama na zuciya. Daga nan kaɗan ya tafi huhu don ya ciyar da shi, wani kuma ya tsattsafa ta cikin katangar da ta raba ɗakin dama da na hagu, ta wasu kafofi da ido ba ya gani, ya gauraya da iskar da ta zo daga huhu. Jalinus birai da aladu da shanu ya fiɗe, kuma bai ga kafofin nan ba, lissafinsa ne ya bukace su sai ya ce akwai su. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya shigar da maganar hanyar da ke tsakanin ɗakunan cikin babban littafinsa Alƙanun, ya kuma bi Aristo a kan cewa ɗakunan zuciya uku ne. Wa ya isa ya ja da Jalinus da Ibnu Sina a haɗe?

Ibnun Nafis yana girmama Ibnu Sina ƙwarai, shi ne ma ya riƙa kwaɗaitar da ɗalibai karatun Alƙanun. Sai ya tattara duk wuraren da aka yi bayanin ƙirar jiki a juzu'i na ɗaya da na uku na littafin, ya yi musu sharhi guda mai suna Sharhu Tashrihil Ƙanun. Akwai kwafensa mai tarihin 640 bayan Hijira, watau 1242, ke nan ya gama shi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A ciki ya bayyana cewa katangar zuciya kakkaura ce toshe, babu ƙofa a cikinta, ta fili ko ta ɓoye. Jinin da ke ɗakin dama dole ya fita ta babbar jijiyar da ta nufi huhu, ya watsu cikin huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya shiga ɗaya jijiyar da ke komowa daga huhu zuwa hagun zuciya. Ya maimaita wannan bayani a wurare da dama cikin littafin, kamar mai tsoron kada mai kwafa ya ɗauka kuskure ne ya gyara masa. Ya kuma ce manyan ɗakunan zuciya biyu ne, kuma zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa namanta, ba daga jinin da ke ɗakin dama ba. Waɗannan jijiyoyi su ne waɗanda toshewarsu ke kawo bugun zuciya.

Duk wanda ya taɓa tsaga zuciyar ragon layya zai iya shaida rabin wannan magana da idonsa. Katangar tsakiya tsoka ce mai kauri, ko allura ba ta da wurin wucewa sai ta huda. Jaririn da aka haifa da rami a wannan katanga kuwa, likitoci cuta suke ɗaukar abin, wani lokaci har sai an yi tiyata an toshe.

Ɗaya rabin maganar shi ne mai wuya, kuma a nan ne zurfin hankalinsa ya bayyana. In jini ya shiga huhu ta wata jijiya ya fita ta wata, ta ina ya ƙetare? Ya dubi bangon jijiyoyin biyu. Mai shiga huhu bangonta mai kauri ne, ninki biyu a ganinsa, mai fitowa kuwa bangonta siriri ne sakwa-sakwa. Sai ya yanke cewa lalle akwai kafofi da suka sada su cikin huhu. Watau ya ɗauke kafofin daga katangar zuciya, inda magabata suka ajiye su, ya mai da su huhu, inda suke a haƙiƙa.

Shin ya fiɗe gawar mutum ne? A gabatarwar littafin shi da kansa ya bayyana cewa hanin shari'a da tausayin da ke cikin ɗabi'arsa sun hana shi yin haka, don haka a siffar gaɓoɓin ciki zai dogara ga magabata, musamman Jalinus, amma a aikin kowace gaɓa zai bi abin da bincike na gaskiya ya nuna, ko ya dace da ra'ayinsu ko ya saɓa. Sai dai a wasu wurare cikin littafin yakan kafa hujja da cewa fiɗa tana ƙaryata abin da suka faɗa, wannan ya sa masana tarihi suka rabu a kan maganar. Ni dai a ganina babu dalilin tuhumar malami mai tsantseni da faɗin abin da ba haka ba. Zuciyar rago da ta sa suna nan a kowace mahauta ta Alƙahira, kuma ƙirarsu a wannan wuri ɗaya ce da ta mutum.

Yanzu bari mu dubi abin da madubin likita ya nuna game da jijiyoyin nan, don mai karatu ya auna inda malamin ya dace da inda ya gaza. In aka yanka shiryani aka sa a madubi, za a ga bangonta hawa uku ne. Na ciki wani tantani ne na ƙwayoyin halitta faffaɗa jere ɗaya tak, an shimfiɗa su gefe da gefe kamar daɓe mai santsi, don jini ya zame bai daskare ba. Na tsakiya tsoka ce da ta naɗe jijiyar kamar zobba, haɗe da zaruruwa masu talewa kamar roba. Na waje riga ce mai tauri da ke ɗaure jijiyar da naman da ke kewaye, kuma a manyan jijiyoyi har akwai wasu ƙananan jijiyoyin jini cikin rigar nan masu ciyar da bangon kansa. Babbar shiryanin da ke fita daga hagun zuciya faɗinta ya kai santimita 2 da rabi, kuma zaren roba ya yi yawa a bangonta. In zuciya ta matso jini sai ta buɗe, in zuciya ta saki sai ta koma ta tura jinin gaba. Wannan buɗewa ita ce bugun da Ibnun Nafis ya bar wankansa don ya yi rubutu a kansa.

Shiryani tana ta rassa tana ƙanƙancewa, roba na raguwa tsoka na rinjaya, har ta kai wasu 'yan ƙanana da zoben tsoka ɗaya ko biyu ne kawai ya kewaye su. Aikin waɗannan kamar na mai lambu ne a fadama, ya buɗe wa wannan fangali ruwa ya datse wa wancan. In ka ci abinci su buɗe wa hanji, in kana gudu su buɗe wa ƙafafu, in sanyi ya yi su tsuke a fata. A 1980 wani masani ɗan Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa tantanin cikin nan da ake ɗauka daɓe ne kawai, shi ne ke aika wa tsokar saƙon ta saki, aka kuma ba shi kyautar Nobel tare da wasu biyu a 1998.

Bayan waɗannan sai jijiyoyin da ake kira na gashi, ko da yake gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Faɗin kowace mikromita 5 zuwa 10 ne, mikromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ke nan sai ka jera kamar goma kafin su kai kaurin silin gashin kai. Ba tsoka ba riga, tantanin cikin nan ne kaɗai da 'yar shimfiɗar da ya kwanta a kai. Jajayen ƙwayoyin jini, masu faɗin mikromita 7 zuwa 8, ɗai-ɗai suke bi a layi, wani lokaci sai sun lanƙwashe kafin su wuce. Duk wahalar da zuciya take yi, bugu wajen 100,000 a kwana guda, don jini ya iso nan ne, domin ta wannan siririn bango kaɗai iska da abinci suke fita zuwa nama, dauɗa kuma ta shigo. Ƙirarsu ma ta bambanta bisa ga bukatar kowace gaɓa. A ƙwaƙwalwa an ɗinke ƙwayoyin bangon tsam, don kada kowane abu da ke yawo cikin jini ya shiga. A ƙoda bangon na da 'yan tagogi kamar rariya, ta nan ake tace fitsari. A hanta da saifa da ɓargo kuwa suna da faɗi da giɓi.

Daga nan jini ya taru cikin waridai ya nufi zuciya. Su ma hawa uku ne, amma tsokarsu kaɗan ce, cikinsu kuwa da faɗi, shi ya sa wajen kashi biyu cikin uku na jinin mutum a cikinsu yake zaune. Na ƙafafu suna da 'yan ƙyamare da ke buɗewa sama kawai, in tsokar ƙafa ta matsa jini ya hau, in ta saki ƙyauren ya rufe.

A huhu, inda Ibnun Nafis ya ce lalle akwai kafofi, abin da aka tarar ya wuce tsammani. Huhun mutum yana da 'yan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, kowace an lulluɓe ta da ragar jijiyoyin gashi. Abin da ya raba iska da jini a wurin bai kai rabin mikromita ba a inda ya fi siranta, kuma in da za a shimfiɗa fatar jakunkunan nan duka za ta kai murabba'in mita 70 ko kusa da haka. Jini ba ya cika daƙiƙa guda cikin ragar, amma ya isa ya ɗauki iskar oksijin ya sauke gurɓatacciya, ya shiga da duhu-duhu ya fito ja wur. Duk jinin da zuciya take turawa, lita 5 a minti ga mai hutawa, ta nan yake bi, ko cokali guda ba ya ratsa katangar tsakiya.

A nan za a ga ya dace a hanya, ya kuma dace da ya nemi amsa a ƙirar bangon jijiya. Amma dalilin da ya bayar na kaurin bangon bai dace ba. Shi yana ganin an kaurara shi ne don kada komai ya tsattsafo sai mafi tsarkin jini, alhali kaurin don jure matsin zuciya ne, tsattsafowa kuwa sai a jijiyoyin gashi. Haka kuma jini da iska ba sa cuɗanya kai tsaye, tantani na tsakaninsu.

Wannan ba ilmin nishaɗi ba ne, domin cututtukan da ke cikin gidajenmu da yawa a waɗannan 'yan jijiyoyi suke ɓarna. Mai ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da shi, jajayen ƙwayoyinsa ne ke tauri su lanƙwashe kamar lauje, su cushe a hanyar da ɗai-ɗai ake bi, naman da ke gaba ya rasa iska, shi ne azabar da yaro yake kwana yana kuka da ita. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙwayoyin da cutar ta shiga suna manne wa daɓen jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya suma. Hawan jini yana kaurara bangon 'yan ƙananan shiryanai ya ƙuntata su, ciwon sukari kuma jijiyoyin gashi na ido da na ƙoda yake ci a hankali.

Adalci ya wajaba a kanmu a nan, domin akan ji masu jawabi suna cewa Ibnun Nafis ne ya gano zagayawar jini gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Ya gano hanyar da ke tsakanin dama da hagun zuciya ta huhu. Bai ce jinin da ya tafi gaɓoɓi yana komowa zuciya ya sake zagayawa ba, kuma ya ci gaba da ɗaukar hanta a matsayin masaƙar jini, alhali ɓargo ne ke yin ƙwayoyinsa. A ganinsa amfanin gaurayar jini da iska shi ne a samar da abin da likitocin da suke kira ruhi, watau wani tururi mai laushi da suke zaton shiryanai na kai wa gaɓoɓi. Kada mai karatu ya rikita wannan da ruhin da ake zare wa mutum ranar mutuwa, suna ne ya zo ɗaya.

A Turai, Mika'ilu Sarbetus mutumin Sifen ya kawo bayani mai kama da wannan a 1553, cikin wani littafin tauhidin Kirista da ya jawo aka ƙone shi da wuta a Janiba a wannan shekara. Realdo Kolombo na Italiya ya biyo baya a 1559. Wilyam Habi na Ingila shi ne ya tabbatar da cikakkiyar zagayawar jini a 1628, ta hanyar gwaji da lissafi, amma shi ma bai ga mahaɗar shiryani da waridi ba har ya mutu a 1657. Sai a 1661 Marsello Malpigi, a birnin Bolonya, ya sa huhun kwaɗo a madubi ya ga ragar da idonsa, shekara 419 bayan kwafen nan na 1242. Ko Turawan nan sun sami labarin Ibnun Nafis? Wani likita ɗan Italiya, Andareya Alpago, ya daɗe a Dimashƙa, ya kuma fassara wani yanki na sharhinsa zuwa Latin, aka buga a Banis a 1547, sai dai yankin da aka buga na haɗa magunguna ne. Masana suna ta muhawara a kan sauran.

A ƙasashen Musulmi wasu masu sharhin Alƙanun na ƙarni na 14, irin su Sadiduddin Alkazaruni, sun naƙalto bayanin nasa, amma ba a ɗora wani bincike a kansa ba. Sai a 1924 wani likita Bamisire mai karatu a Jamus, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da kwafen sharhin a ɗakin karatu na Balin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa a jami'ar Firaibag. Malamansa suka aika wa Max Meyerhof, likitan ido Bajamushe mazaunin Alƙahira kuma masanin Larabci, shi kuwa ya tabbatar da abin, ya buga nassin da fassararsa a 1933 da 1935.

Sharhin nan ɗaya ne kawai cikin ayyukansa. Ya ƙudura rubuta kundin likitanci mai suna Asshamil a mujalladi 300, ya tsabtace 80. Yana da littafi a kan ciwon ido, Almuhazzab fil Kuhli, da sharhi a kan Fusul na Abuƙiraɗ, da taƙaitaccen littafi a kan usulin ilmin hadisi. Yana kuma da Arrisalatul Kamiliyya fis Siratin Nabawiyya, ƙagaggen labarin wani mutum mai suna Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya riƙa tsaga cikin dabbobi yana duban gaɓoɓinsu da amfanin kowace, har hankalinsa ya kai shi ga sanin Mahalicci. Da jirgin ruwa ya kawo mutane tsibirin ya zauna da su, sai ya gane cewa zaman jama'a ba ya yiwuwa sai da shari'a, shari'a kuma sai da Annabi. A littafin ya kare aƙidar tashin jiki ranar ƙiyama.

A 1284 Sarki Almansur Ƙalawun ya fara gina babban asibitin Mansuri a tsakiyar Alƙahira. An ce tun yana sarkin yaƙi ya taɓa kwanciya ciwo a Sham aka yi masa magani daga asibitin Nuri, ya yi alwashin gina irinsa in Allah Ya ba shi mulki. Ibnun Nafis a lokacin ya tsufa, yana da dukiya da gida na alfarma da aka daɓe da marmara, kuma masu tarihi sun ce bai yi aure ba. Sai ya yi waƙafin gidan da littattafansa da dukiyarsa ga sabon asibitin, har da mujalladan Asshamil.

Ciwon ajalinsa kwana shida ya yi. Wasu abokansa likitoci suka ba shi shawara ya sha ɗan giya, don a ganinsu ita ce maganin ciwon, ya ƙi, ya nuna ba ya so ya gamu da Ubangijinsa da giya a cikinsa. Ya rasu da asubahin Jumma'a, 21 ga Zulƙida 687 bayan Hijira, daidai da 17 ga Disamba 1288, yana da shekara wajen 80. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.